Amon Tukunya da Kafofin da ke Cikinta

Ranar kasuwa ku je wurin masu tukwane, ku tsaya ku kalli mai saye. Ba ta fara tambayar kuɗi. Sai ta ɗauki tukunya, ta riƙe bakinta da hannun hagu, ta ƙwanƙwasa ta da yatsa, ta kasa kunne. In ta ji amo mai tsawo kamar na ƙararrawa, sai ta shiga ciniki. In ta ji sautin ya mutu nan take, kamar an bugi buhun gero, sai ta ajiye ta ɗauki wata. Haka ake yi a kasuwar Mirya kusa da Damagaram, haka ake yi a Bubon a bakin kogin Kwara, haka kuma ake yi a ƙauyenku.

Wannan mata awo take yi, ko da yake ba ta riƙe da ma'auni. Abu biyu take nema da kunnenta. Na farko, ko akwai tsaga da ido bai gani ba. Na biyu, ko tukunyar ta gasu har ta yi tsauri. Darasinmu na yau a kan na biyun yake. Za mu ga cewa jikin tukunya cike yake da ƴan ƙananan kafofi, kuma yawan kafofin nan shi ke sa ta yi tsauri ko ta rasa shi.

Dangin tukunya

Tukunya tana da dangi da yawa. Akwai tulu, randa, kasko, tanda ta suyar masa, asusu da indararo. Akwai jan bulo na gini da karo na daɓe. Akwai kwanon tangaran da kofin tangaran. Akwai farin abin nan da ke jikin buji na mota da na babur, da kuma tangaran ɗin da ke riƙe da waya a kan turakun lantarki. Dukansu da ƙasa ko garin dutse aka yi su, aka gasa su da wuta har suka ƙanƙame. Da Faransanci ana kiran dangin nan seramik.

Tubali ba ya cikinsu, don rana ce kawai ta busar da shi. In ruwan sama ya dake shi, sai ya koma laka. Gasasshen yumɓu kuwa ba ya komawa laka har abada. A Tagalagal, cikin duwatsun Abzin, masu binciken tarihi sun tono tsingaron tukwane da ya fi shekara 9000 a ƙasa, kuma har zanen da magina suka yi masa yana nan.

Daga ina kafofi suke fitowa?

Ku cika tiya da gero har baki. Kuna cewa ta cika. To, ku zuba mata ruwa. Za ku ga ta sha ruwa mai yawa kafin ya fito fili. Ina ruwan ya shiga? Tsakanin ƙwayoyin gero ya shiga, domin ƙwayoyi ba sa haɗuwa ta ko'ina, sai inda suka taɓa juna.

Yumɓu ma ƙwayoyi ne, sai dai sun yi ƙanƙanta ƙwarai, ido ba ya raba su. Lokacin da maginiya take gini, ruwa ne ke tsakaninsu. Da ta shanya tukunya, ruwan ya tafi, ƙwayoyin sun ɗan matso kusa da juna, amma ba su cike duk gurbin da ruwa ya bari ba. Iska ta shiga wurin. Ga kafofi na farko.

Na biyu kuwa maginiya ce take sa su da hannunta. Yumɓu tsantsa yana tsagewa wajen bushewa, saboda haka takan haɗa shi da wani abu: ƙaiƙayin gero, ko busasshen kashin jaki, ko yashi, ko dakakken tsingaro. Yashi da tsingaro ba sa ƙonewa. Amma ƙaiƙayi da kashin jaki wuta tana cinye su, kowane ɗan tsinke ya bar gurbinsa a jikin tukunya. In kuka duba bakin tsingaro da kyau, inda ya karye, za ku ga ƴan dogayen ramuka baƙaƙe. Kabarin ƙaiƙayi ke nan.

Sannan sai gashi. Da zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600, wani ruwa da ke ɗaure a cikin ƙwayoyin yumɓu su kansu yana fita, kuma daga nan yumɓu ba ya sake zama laka. In zafi ya ci gaba da hawa, ƙwayoyin suna fara mannewa a inda suka taɓa juna. Wurin mannewar yana ƙara faɗi, kafofi suna tsukewa, tukunyar duka tana ɗan ƙanƙancewa. Gashin da ake yi a fili da kara da itace da kashin shanu yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900, kuma ba ya daɗewa. Don haka tukwanenmu suke fitowa da kafofi masu yawa. Sau da yawa kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na jikinsu iska ce. Tangaran kuwa a rufaffen murhu ake gasa shi, da zafin digiri 1200 zuwa 1400. A wannan zafi wani sashe na ƙasar yana narkewa kamar gilashi, ya malala ya cike kafofin. Kofin tangaran ko ya kwana cikin ruwa, abin da zai sha bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Mutanen Sin ne suka fara gane wannan sana'a. Turawa sun daɗe suna nemanta, ba su same ta ba sai wajen 1708, a ƙasar Jamus.

Mu auna kafofi

Wannan awo kuna iya yin sa a aji. Ku nemo babban tsingaro busasshe, da ma'auni, da gwangwani, da kwano.

Ku auna tsingaron yana bushe. A ce kun sami giram 190. Ku jefa shi cikin ruwa. Ku lura da ƴan kumfa da ke tasowa daga jikinsa, har wani lokaci za ku ji yana ɗan kuka. Iska ce take fita, ruwa yana shiga madadinta. Ku bar shi ya kwana. Da safe ku tsamo shi, ku goge bayansa da tsumma, ku sake aunawa. A ce yanzu giram 215 ne. Ya sha ruwa giram 25 ke nan. Kun san giram 1 na ruwa yana cika santimetir kub 1, wato ɗan akwati mai santimetir 1 ta kowane gefe. Saboda haka kafofin sun ci santimetir kub 25.

Saura mu san girman tsingaron duka. Ku cika gwangwani da ruwa har baki, ku aza shi cikin kwano. Ku saki jiƙaƙƙen tsingaron a hankali cikin gwangwani. Ruwan da ya zube cikin kwano ku auna shi. A ce giram 100 ne. To, girman tsingaro santimetir kub 100 ne, kuma 25 daga ciki kafofi ne. Kashi ɗaya cikin huɗu na abin da kuke riƙe da shi ba ƙasa ba ce.

Ku sani dai wannan awo yana kama kafofin da ke buɗe ne kaɗai, waɗanda ruwa ke iya shiga. Akwai wasu da ke rufe ruf a tsakiya, ba su da ƙofa. Su ma suna rage tsauri, amma ruwa ba ya isa gare su.

Mene ne tsauri?

A nan sai ku natsu, don yara da yawa suna haɗa tsauri da ƙarfi, har manya ma. A wannan darasi, tsauri shi ne ƙin lanƙwasuwa. Ƙarfi kuwa shi ne ƙin karyewa. Igiyar guga tana da ƙarfi, tana jawo ruwa daga rijiya mai gaba 20 ba ta tsinke ba, amma ba ta da tsauri ko kaɗan, kuna iya naɗe ta a hannu. Allin da muke rubutu da shi yana da tsauri, ba ya lanƙwasuwa, amma ba shi da ƙarfi, ɗan yaro yana karya shi da yatsa biyu.

Kowane abu a duniya yana ɗan lotsawa in aka aza masa nauyi, in aka ɗauke kuma ya koma yadda yake. Roba tana lotsawa sosai, ido yana gani. Katako yana lotsawa kaɗan. Bulo ma yana lotsawa, amma lotsawarsa ta fi kaurin gashi ƙanƙanta, sai da na'ura ake ganinta. Masana suna auna tsauri da wani lissafi da ke ɗauke da sunan Thomas Young, wani Bature na Ingila da ya yi bayaninsa a 1807. Ba ma bukatar lissafin yanzu, kwatance ya ishe mu. Gilashi da tangaran da alminiyam kusan tsaurinsu ɗaya. Baƙin ƙarfe ya ninka su sau 3. Farin abin jikin buji, wanda ake yi da wani gari mai suna alumina, in an gasa shi tsantsa ba kafa, ya kusa ninka baƙin ƙarfe sau 2. Abin mamaki ke nan: ɗan'uwan tukunya ya fi ƙarfe tsauri. Jan bulo kuwa da tukunyar kasuwa suna can ƙasa, sun yi nisa da tangaran, ko da yake duka daga ƙasa suka fito. Babban abin da ya raba su shi ne kafofi.

Yadda kafa take cin tsauri

Iska ba ta ɗaukar kaya. Ku yi tunanin mutum 10 sun ɗauko azara a ka. In mutum 1 ya zame, sauran 9 sai su ɗauki rabonsa, kowa ya ƙara duƙawa. Haka abin yake a jikin bulo. Duk inda kafa take, babu mai tallafar nauyi, sai ƙasar da ke kewaye da ita ta ɗauka. Da yake nauyi ya ƙaru a kanta, sai ta ƙara lotsawa.

To, in haka ne, kuna iya cewa kafofi kashi 10 za su ci tsauri kashi 10. Amma awo ya nuna suna cin fiye da haka, kusan ninki biyu. Me ya sa? Ku tuna da ruwan gulbi in ya tarar da dutse a tsakiya. Yana rabuwa ya bi gefe da gefe, a nan yake matsuwa ya ƙara gudu, amma a gaban dutsen da bayansa sai ku ga ruwa ya kusa tsayawa. Nauyi ma haka yake bi ta jikin bulo. In ya tarar da kafa sai ya kewaye ta. Ƙasar da ke gefen kafa tana shan wahala, ta kan ɗauki ninki 2 ko 3 na rabonta. Ƙasar da ke daidai saman kafa da wadda ke daidai ƙarƙashinta kuwa suna zaune kusan ba aiki. Kafa ba gurbinta kaɗai ta ɓata ba, ta hana maƙwabtanta aiki.

A 1950 wani masani mai suna Mackenzie ya fitar da lissafin wannan al'amari a kan takarda. A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Coble da Kingery, suka gasa sandunan alumina masu kafofi iri-iri, daga kashi 5 har zuwa wajen kashi 50, suka auna tsaurinsu. Abin da suka samu ya yi kusa da lissafin. In muka ce tsaurin abin da ba shi da kafa ko ɗaya 100 ne, ga abin da ke raguwa:

kafofi kashi 10, tsauri 82
kafofi kashi 20, tsauri 66
kafofi kashi 30, tsauri 51
kafofi kashi 40, tsauri 38
kafofi kashi 50, tsauri 28

Ku duba layi na uku. Kafofi ba su kai sulusi ba, amma rabin tsauri ya tafi. Ƙarfi kuma ya fi haka saurin zubewa: kafofi kashi 10 kawai sukan raba ƙarfin seramik biyu.

Wannan lissafi na kafofi ne masu siffar ƙwallo, waɗanda ba su haɗu da juna ba. Siffar kafa tana da nata tasiri. Kun ga mai sayar da yadi a kasuwa? Ba ya iya yaga yadi da hannu haka kawai. Sai ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, sannan ya ja, yadin ya tafi ɓarrr har ƙarshe. Duk ƙarfin jan ya taru ne a kan ɗan tsinin tsagar. Kafa mai tsini haka take. Gurbin da ƙaiƙayi ya bari dogo ne, shimfiɗaɗɗe, mai kaifin baki, don haka ɓarnarsa ta fi ta kafa mai siffar ƙwallo ko da girmansu ɗaya. Tukwanenmu suna rasa tsauri fiye da abin da jerin nan na sama ya nuna. Shi ya sa maginiyar da ta san aikinta take daɗewa tana kirɓa yumɓu kafin ta fara gini, kuma take bubbuga jikin tukunya da ɗan katako tun tana ɗanya. Iska take kora, ƙwayoyi take matsewa.

Yanzu kun gane batun amo. In an bugi abu, yana karkarwa, karkarwar nan ce kunne ke ji. Abu mai tsauri yana komawa wurinsa da sauri, karkarwarsa tana da sauri, muryarsa tana tashi sama. Abu mai kafofi da yawa, wanda ƙwayoyinsa ba su manne sosai ba, yana komawa a sanyaye, muryarsa tana faɗuwa ƙasa, kuma tana mutuwa da wuri. In akwai tsaga, bakunanta biyu suna gogar juna su shanye amon gaba ɗaya. A manyan ɗakunan bincike ma hanyar ke nan da ake bi har yau. Ana aza sandar seramik, a buge ta da ɗan guduma, na'ura ta saurari muryar, kwamfuta ta lissafa tsaurin. Ni dai duk lokacin da na tuna da wannan sai in ƙara ganin girman iyayenmu mata.

Mu gwada da hannunmu

Lotsawar bulo ba ta ganuwa, amma ta kwali tana ganuwa. Ku yanko kwali guda 2 masu tsawon santimetir 30 da faɗin santimetir 5. Ɗaya ku bar shi yadda yake. Ɗayan ku huhhuda shi da babbar ƙusa ko'ina. Ku gitta kowanne tsakanin littattafai biyu kamar gada, ku aza musu dutse iri ɗaya a tsakiya. Ku auna da abin awo ku ga wanda ya fi lotsawa.

Gwaji na biyu yana ɗaukar mako biyu, kuma sai da taimakon maginiya. Ku raba yumɓu kashi 3. Na farko kada ku sa masa ƙaiƙayi. Na biyu ku sa ƙaiƙayi awo 1 cikin yumɓu awo 9. Na uku ku sa awo 3 cikin yumɓu awo 7. Da kowanne ku mulmula sanduna 3 masu tsawon santimetir 15, kauri da faɗi santimetir 2. Ku yi musu alama, ku shanya su a inuwa, kada a rana. Sai ku roƙi maginiya ta sa muku su cikin gashinta, a wuri ɗaya, don su sha wuta iri ɗaya. In sun huce, ku rataye kowace sanda da zare, ku buge ta da ƙusa, ku saurara. Bayan haka ku gitta ta tsakanin tebur biyu, ku rataya mata bokiti a tsakiya, ku riƙa zuba yashi gwangwani-gwangwani har ta karye. Bugun ƙusa ya gaya muku tsauri, yashi ya gaya muku ƙarfi. Ku janye ƙafafunku daga ƙarƙashin bokiti.

Ashe kafofi abin ƙi ne?

Da haka ne, da magina sun daina sa ƙaiƙayi tun zamanin kakanni. Ku zuba ruwa a randa, ku zuba wani a bokitin roba, ku ajiye su a inuwa ɗaya cikin bazara. Da azahar ku sha. Na randa ya yi sanyi, na roba ya yi ɗumi. Ku taɓa bayan randa, za ku ji tana naso. Ruwa ne yake bi ta kafofi yana fitowa a hankali, iska tana kwashe shi. Ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi, kuma daga jikin randa yake ɗibarsa. Cokali 1 na ruwa, wato giram 5, in ya tashi yana iya rage zafin litir 3 da kusan digiri 1. Haka zufa take sanyaya jikinku. Tsohuwar randa da datti da gishirin ruwa suka toshe wa kafofi ba ta sanyi kamar sabuwa. Randar tangaran kuwa, da akwai ta, da ta yi amo mai daɗi, amma da ba wanda zai so ruwanta.

Wani malami a jihar Jigawa ta Nijeriya, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da wannan hali. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da tattasai da alayyafo suna yin kwanaki a ciki ba su lalace ba, babu lantarki. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Tukunyar girki ita ce ta fi ban sha'awa, don ita rashin tsaurin ma shi ne amfaninta. Abu in ya yi zafi yana ɗan buɗewa. A kan murhu gindin tukunya yana cikin harshen wuta, bakinta kuwa yana cikin iska. Gindi yana son ya buɗe, baki ya ƙi. Sai su shiga ja-in-ja. In jikin tukunya yana da tsauri ƙwarai, ba mai sassauta wa wani, ja-in-jar tana yin tsanani har jiki ya tsage. Abin da ke samun kofin gilashi mai kauri ke nan in an zuba masa tafasasshen shayi da sanyin hunturu. Amma tukunyar ƙasa mai kafofi tana da ɗan sassauci. Gindi ya ja, baki ya ɗan bi shi, rigima ta mutu. Ko da ƙaramar tsaga ta taso, ba ta yin nisa sai ta faɗa cikin wata kafa, tsininta ya dakushe, ta tsaya. Makanikai sun san wannan dabara: in ƙarfe ya fara tsagewa, sukan huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba. Don haka tukunyar ƙasa take shekara da shekaru a kan duwatsun murhu, alhali farantin tangaran, wanda ya fi ta tsauri nesa ba kusa ba, in kuka aza shi a wuta sai ya fashe.

Sai dai tukunyar girki ba a son ta yi naso kamar randa. A wasu garuruwa, da an fitar da ita daga wuta tana da zafi, sai a yayyafa mata ruwan bagaruwa. A gida kuma akan dafa dusa ko kunu a cikin sabuwa kafin a fara miya. Wannan yana toshe bakin kafofi na waje ne kawai. Na ciki suna nan, sassaucin yana nan.

Akwai inda ake neman kafofi fiye da haka. Iskar da ke tsare cikin kafofi ba ta barin zafi ya wuce da sauri, don haka ake yin wani bulo marar nauyi, mai kafofi da yawa, don kewaye manyan murhunan masana'antu. Kumbon Amurka da ya riƙa zuwa sararin samaniya yana dawowa, daga 1981 zuwa 2011, an lulluɓe cikinsa da dubban ƴan karo na seramik. Fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsu iska ce. Litir 1 na irin wannan karo bai wuce giram 150 ba. Sun hana zafin da ya fi digiri 1000 isa ga jikin kumbon, amma ba su da tsauri, ba su da ƙarfi, mutum yana iya lotsa su da yatsa.

Inda ba a wasa da tsauri

A wajen gini kuwa magana ta sake. Bulo aikinsa ɗaukar nauyi ne, kuma mutane ne ke kwana a ƙarƙashinsa. In an gasa bulo, ba duka ke shan wuta daidai ba. Na kusa da wuta suna fitowa da duhun ja, da nauyi, da amo. Na gefe suna fitowa fari-fari, ƙwayoyinsu ba su manne ba, kafofinsu a buɗe. Magini nagari yana ɗaukar bulo biyu ya gwara su. In sun yi ƙara kamar ƙarfe, ya karɓa. Yakan kuma jiƙa ɗaya ya kwana. In ya sha ruwa fiye da kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, magina da yawa ba sa yarda da shi. Ku lura, wannan kashi na nauyi ne, ba irin wanda muka lissafa da gwangwani ba, wanda yake na girma.

Haɗari yana nan in an cuɗa nagari da marar gashi a bango ɗaya don a rage kuɗi. Ku koma ga masu ɗaukar azara. In wasu suka ɗan duƙa, nauyi duka yana komawa kan waɗanda suka tsaya kyam. Bulo marar tsauri yana lotsawa ya zame daga aiki, mai tsauri ya ɗauki nasa da na maƙwabcinsa. Bango ba ya sauka daidai, sai tsaga ta fito. Da damina kuma masu kafofin nan su ne ke tsotso ruwa daga ƙasa, su kai shi sama tare da gishiri. Ruwa ya bushe, gishiri ya daskare cikin kafofi, ya riƙa tura su, fuskar bulo ta fara zuba kamar gari. Ku duba gindin tsofaffin gine-gine a garinku, za ku ga inda hakan ta faru.

Aiki

1. Wani tsingaro yana da nauyin giram 380 yana bushe. Da ya kwana a ruwa ya zama giram 440. Ruwan da ya zubar daga gwangwani giram 200 ne. Kashi nawa cikin 100 na jikinsa kafofi ne? Ku duba jerin da ke sama, ku faɗi tsaurin da ya rage masa.

2. Sandar alumina mai kafofi kashi 20 da wata mai kafofi kashi 40, girmansu ɗaya, an aza musu nauyi ɗaya. Wacce za ta fi lotsawa? Kusan sau nawa?

3. Ku je wurin maginiyar tukwane ta garinku, ku gaishe ta da ladabi, ku tambaye ta abin da take haɗawa da yumɓun randa da abin da take haɗawa da yumɓun tukunyar girki, da inda take ajiye kowacce a cikin gashi. Ku rubuto amsarta cikin layi 10, ku zo da tsingaro ɗaya na kowane iri ranar Litinin.